Gwanar Mai Faci

A bakin iyakar Jibiya, kafin a kai shingen da manyan motoci ke layi suna jiran a duba takardunsu, akwai wata bishiyar bedi da rumfar kwano a gindinta. Nan Zunnuraini mai faci yake aiki, nan ne kuma majalisar da ta fi kowace majalisa a garin yawan gardama. Direban da aka riƙe wa mota ba shi da abin yi sai surutu, surutu kuwa inuwa yake so, inuwar kuma ta Zunnuraini ce. Saboda haka ya yi shekaru yana ɓare taya a tsakiyar musun da bai gayyata ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya ɗan haura arba'in. Baƙin taya ya shige layukan tafin hannunsa har sabulu ya haƙura da shi. Ba shi da yawan magana. In an kawo masa tub ɗin taya sai ya ba shi iska, ya danna shi cikin rabin gangar ruwa yana juyawa a hankali, idonsa na kan inda kumfa za ta taso. Haka yake sauraron mutane ma, ya bar su su yi ta juyawa har inda suke yoyo ya bayyana, sannan ya yi murmushi ya ci gaba da shafa gam.

Gardamar da ta buɗe bakinsa Maɗugu ne ya tayar da ita. Maɗugu tsohon direba ne daga Maraɗi, mai farin gemu da harshen da ba ya hutu, motarsa ta wake kuwa ta daɗe a layi har tsuntsaye sun saba da ita. Wata hantsi ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi a kan tsohuwar taya, ya gyara zama.

"To jama'a, ga tambaya. Mu aje Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da sauran annabawa da sahabbai, wanga ba wurin musu ba na. Cikin sauran 'yan Adam, tun da anka yi duniya, wa ya hi kowa?"

Aka yi salati, sannan wuri ya kaure. Wani mai sayar da fetur a galan ya ce ai wanda ya fi kowa dukiya shi ya fi kowa, aka yi masa ca aka ce ya je ya wanke bakinsa. Wani direban shanu ya ce likitan da ya gano allurar rigakafin ƙyanda, domin a gidansu kaɗai ƙyanda ta kwashi yara kafin allurar ta zo, aka ce wannan magana ce. Wani ya kawo wanda ya ƙera injin mota. Maɗugu ya girgiza kai kamar an zage shi.

"Mai inji gudu kaɗai ya koya ma mota. Wanda ya yi birki, shi ne mutum. Ba don shi ba, wane direba za ya ga hurhurar kainai?"

Hussaini ɗan dako, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana tura baro tsakanin motoci, ya ce duk sun yi kuskure, wanda ya fara ƙera ƙafar baro shi ne uban mai inji da mai birki da mai faci gaba ɗaya. Magana ta yi kyau har aka fara tafa masa. Sai aka ɗauko waya aka shiga neman sunayen gwanaye. Kowa ya samo nasa, sunaye masu karya haƙori, suna ta kiransu a karkace ba kunya ba tsoro. Na Hussaini ne kaɗai aka rasa, waya ta ce ba wanda ya san shi. Nan take majalisa ta kafa doka: gwanin da ba shi da suna ba ya shiga takara. Hussaini ya yi ta rantse-rantse, aka ce ya kai ƙara.

Ana haka kwana da kwanaki, ba a gama ba. Rannan Zunnuraini yana durƙushe yana dukan bakin taya da guduma, sai ya tsaya ya share zufa da bayan hannu.

"Ni gwanata mace ce," in ji shi. "Kuma tana da rai. Tana nan cikin Jibiya."

Da yake ba a saba jin bakinsa ba, har mai shayi ya bar tukunya ya matso. Ba a daɗe ba aka gano wadda yake nufi, aka fashe da dariya. Inna mai dambu! Tsohuwar da ta shekara da shekaru tana sayar da dambu da zogale a ƙofar tasha, wadda duk direban da ke wurin ya taɓa cin na hannunta, wasu ma ta kore su da ludayi don sun sa hannu a kwano ba su wanke ba.

"Ba mu ƙi ba," in ji Maɗugu, yana ƙyafta wa sauran ido. "Amma doka doka ta. Inna mai dambu ba suna ba na, sana'a ta. Hwaɗi sunanta na yanka mu sa ta layi."

Zunnuraini ya sunkuyar da kai ya koma kan tayarsa. Sun san abin da suke yi, miyagu. Wace irin tarbiyya ce za ta bar mutum ya buɗe baki ya kira sunan matar da ya sha nononta? Suka yi ta tsokanarsa har azahar, yana dariyar yaƙe. Abin da ba su sani ba shi ne sun taka masa inda ke ciwo. Inna na shirin barin Jibiya ta koma garinsu ba dawowa, shi kuwa tun da ya yi wayo bai taɓa iya ce mata ya gode ba.

Mu da ba ta shayar ba muna iya faɗa: sunanta Tsahara. A duk Jibiya waɗanda suka san wannan suna ba su cika hannu ba, domin ta shigo garin ba mai kiranta da shi.

Shekarar da aka haifi Zunnuraini shekarar fari ce. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, mutanen arewa suka yi ta kwararowa ta iyaka da jakuna da ƙullin tsummoki. Cikinsu akwai Tsahara, daga wani ƙauye a yankin Madarunfa, ita da mijinta da ɗanta na fari a goye. Yaron bai shiga gari da rai ba, a bakin gulbi aka binne shi. Mijin ya ajiye ta wurin wasu 'yan garinsu ya ce zai gangara kudu neman abin yi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta shiga bin gidaje tana surfe da daka, a sallame ta da tsaki ko ragowar tuwo.

Haka ta shiga gidan wani ma'aunin hatsi wanda matarsa Salmatu ta rasu bayan haihuwa, ta bar jariri ko suna ba a yi ba. Matan gida suna ta fama da shi da nonon akuya a cokali, yana sha yana amayarwa, kukansa har ya daina fita sosai. Tsahara na tsakar gida tana daka. Da kukan ya shiga kunnenta sai ta ji gabanta ya jiƙe, nonon ɗanta da ke cikin ƙasa ya kawo. Ta jingine taɓarya, ta wanke jikinta a bakin randa, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Ku ba ni shi." Ba wanda ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Yaro ya kama, ya sha har ya yi barci da nono a baki, matan gida suka fashe da kukan da suka daɗe suna riƙewa.

Bai kai yaye ba aka shiga kwashe baƙi ana mayar da su ƙasashensu. An kama ta a bakin kasuwa ta je sayen gishiri, aka tura ta cikin mota da sauran jama'a, aka sauke su can cikin ƙasarsu. Wasu suka gode Allah suka kama hanyar gida, ga ƙauyensu ma ba nisa. Ita kuwa ta juya ta ba titi baya, ta ratsa gonaki da ƙaya da yashin gulbi, ba takalmi, domin ɗaya ya faɗi wurin hawa mota ta yar da ɗayan. Washegari da la'asar ta faɗo gidan, ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage, gaban rigarta ya bushe ƙamas da nono. Aka kawo mata ruwa ta ture kwanon. "Ina shi?" shi ne kawai abin da ta ce.

Uban ya rasu yaron bai isa riƙe fartanya ba. Dangin uwarsa na Bugaje suka so ɗaukarsa, ya maƙale a zanenta yana ihu har suka ji kunya suka bar shi. Ta kafa tukunyar dambu a ƙofar tasha, da ita ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta kai shi makaranta. Ta sake aure sau ɗaya. Mijin ya ce ba zai riƙe ɗan wani ba, yaron ya koma wurin danginsa. Ba ta yi masa musu ba, ta ɗaure kayanta ta kama hannun yaron suka fito, ba ta kuma sake sauraron mai neman aure ba. Da ya tasa ta ga karatun boko ba ya shiga kansa, sai ta kai shi wurin wani tsohon mai faci a bakin iyaka ta ce, "Muddin mota na bin hanyag ga, taya ba ta barin hwashewa. Koya mashi."

Sai dai akwai abu ɗaya. Tun ranar da ta karɓe shi ta ajiye shi a gurbin ɗanta na fari, ta kuma ɗora masa duk kunyar da ake yi wa ɗan fari. Ba ta kiran sunansa. Yana yaro "wancan" ne, da ya girma ya zama "mai faci". Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta zama su yi hira, in ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da magana da shi sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko da akuya ce. Matar da ta ratsa daji ba takalmi saboda shi, ita ce ba ta iya haɗa ido da shi. Wanda bai san mu ba zai ce ƙiyayya ce, alhali ƙauna ce ta yi yawa har ta rasa ƙofar fita.

Ya gwada, ba a ce bai gwada ba. Da ya fara samu ya saya mata atamfa mai tsada, ta ce a kai wa maƙwabciya mai aurar da 'ya. Bayan aurensa da Hasiya ya gina mata ɗaki a gidansa, ta tare ba ta ce komai ba, sai dai ta ce ƙofar ta cika faɗi. Rannan ya shirya magana tun daga wurin aiki, yana tafe yana maimaitawa, ya durƙusa a ƙofarta ya ce, "Inna, dama ina so in ce..." Ta juya baya ta ɗaga murya ta tambayi Hasiya ko an ba tumaki ruwa. Ya tashi ya je ya ba tumaki ruwa.

Yanzu ga shi yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta gane mutum da murya. Ta bar dambu. Ɗan ƙanenta Kabiru ya zo daga ƙauye a kan babur ya ce dangi na son ta dawo, ita ma ta ce tana so a binne ta kusa da iyayenta. Zunnuraini ya aika Hasiya ta roƙe ta, ya aika liman, ya ce zai kai ta Katsina a duba idon. Ta ce ta gode, amma ta ji kiran gida. Alfarma ɗaya ta yi: Hasiya na da tsohon ciki, za ta jira a sauka a yi suna, washegari ta tafi.

Hasiya ta sauka lafiya, aka sami mace. Duk 'ya'yansu na baya maza ne, har an fara tsokanar Zunnuraini cewa ƙungiyar ƙwallo yake haɗawa. Da aka miƙo masa jaririyar ya yi mata kiran salla a kunne, zuciyarsa ta riga ta yanke abin da zai yi. Abin da bakinsa ya kasa faɗa a ɗaki, maroƙi zai faɗe shi a titi.

Amma sunan nan yana da mai jiransa. Kawu Abbas na Bugaje, yayan marigayiya Salmatu, tun auren Zunnuraini yake cewa in Allah ya kawo mace, ƙanwarsa ta dawo. Duk haihuwa sai ya zo da kajinsa, a ce namiji ne, ya yi barka ya koma yana cewa saura na gaba. Inna ma ba ta bar shi ya huta ba. Yana tsakar gida yana alwala ta ɗaga murya tana yi wa Hasiya magana.

"A gaya ma mai faci, ɗiyag ga sunan uwatai za a sa mata. Kada in ji wata magana."

Ya hau babur da rana tsaka, lokacin da hanyar Bugaje ta fi jama'a, ya sami Kawu Abbas a zaure yana gyaran igiyar shanu. Tsoho ne dogo, ya rame, haƙoransa sun yi ja da goro. Suka gaisa, aka tambayi mai jego, aka tambayi gona. Kawu sai murmushi yake, yana jiran a faɗa masa abin da ya riga ya sani. Zunnuraini ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

"Kawu, na zo neman alfarma. Sunan Inna nike so in sa."

Murmushin ya tafi. Kawu ya ajiye igiyar a hankali.

"Wace Innar?"

"Ta gida."

Da Kawu ya buɗe baki, muryarsa ba faɗa a ciki, abin da ya fi faɗa ciwo ke nan.

"Salmatu ba ta bar komi ba duniya sai kai. Ko zanenta guda bai saura ba. Waɗanda suka san fuskarta duk sun tahi, ni kaɗai na rage. In na mutu, wa za ya tuna an yi ta?"

Zunnuraini ya san gaskiya tsohon ya faɗa. Ya ce, "Kawu, Inna tahiya za ta yi, kuma ban ga alamar za ta dawo ba. Ban taɓa ce mata komi ba. Ba ta bari." Kawu ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da Zunnuraini ya yi sallama ma da kai kawai ya amsa. Ya hau babur ya dawo, yana jin kamar ya sake binne uwar da bai taɓa gani ba.

Kwanakin da suka rage bai yi aikin kirki ba. Ya manna faci a inda ba huda, ya ba wata taya iska har mai ita ya yi tsalle ya kashe injin da kansa. 'Yan majalisa suna can sun koma kan ko mai allura ya fi mai birki, har an kusa ba hamata iska. Maɗugu ne kaɗai ya lura, ya matso ya ce, "Mai faci, wasa muka yi maka rannan, kada ka riƙe." Zunnuraini ya ce ba komai, ya gayyace su suna gaba ɗayansu.

Ranar suna da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Rago na ɗaure a jikin turke, ana zagayawa da goro da dabino. 'Yan majalisa suka zo cikin manyan riguna har da wuya a gane su, Hussaini ɗan dako ma da hula. Zunnuraini sai waige yake. Ana gab da farawa Kawu Abbas ya sauka daga bayan babur, ba kaji a hannunsa wannan karon. Aka matsa masa ya zauna kusa da liman, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Liman ya karkato ya rage murya. "Wane suna za a raɗa?"

"Sunan Inna," in ji Zunnuraini.

Limamin bai daɗe da zuwa unguwar ba, shi ma Inna mai dambu ya sani. Ya ce, "Madalla. Ya sunan nata?"

Nan fa ake yin ta. Duk shirin da Zunnuraini ya yi, bai hango wannan tambaya ba. Sunan yana nan a kan harshensa, ya san shi tun yana yaro da wata baƙuwa daga ƙauye ta kira ta da shi, amma bai taɓa fitar da shi ba ko shi kaɗai a daji. Ya buɗe baki, ya rufe. Jama'a suna jira, mahauci ya riga ya kwance rago. Ya dubi Maɗugu, Maɗugu ya buɗe hannuwa, shi ma bai sani ba. Da Kawu ya so, kalma ɗaya zai faɗa, sunan ƙanwarsa, a wuce wurin, ba kuma wanda zai ga laifinsa.

Kawu Abbas ya cire goron da ke bakinsa, ya karkata wajen liman.

"Tsahara," in ji shi. "Ina nan ranar da ta shigo gidan, ni na tambaye ta sunanta."

Sannan ya juyo ga Zunnuraini, ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji. "Salmatu ta haihe ka, wagga ta hana ka bin ta. Da ƙanwata na da baki yau, ita za ta riga ni faɗi." Ya mayar da goronsa baki, ya kau da kai yana kallon ragon, idanunsa sun cika.

Liman ya yi addu'a aka shafa. Maroƙi ya miƙe ya gyara murya, irin muryar nan da ake ji har tasha.

"An raɗa! Sunan jaririya Tsahara! Tsahara ɗiyar Zunnuraini! Allah shi raya Tsahara!"

Guɗa ta tashi a cikin gida. Tsofaffin unguwa suka shiga tambayar juna, ashe sunanta ke nan? Maɗugu ya share fuska da hannun riga, ya ce shi dai ya janye mai birki, sauran su yi ta kansu. Zunnuraini ya rarrafa ya kama hannun Kawu da hannu biyu, Kawu ya ce ya tashi kada ya ba shi kunya cikin mutane.

Sai da jama'a suka ragu ya shiga ciki. Hasiya ta tare shi a bakin ɗakinta, tana dariya tana hawaye. Ta ce lokacin da maroƙi ya ɗaga murya, Inna na zaune tana jan carbi, sai kawai aka ji ta amsa, "Na'am!" da ƙarfi, kamar yarinyar da uwarta ta kira daga bakin rijiya. Sai da ta ji guɗa ta gane, ta ce a miƙo mata jaririyar, ta shige ɗaki ta hana kowa shiga.

Ya je ya durƙusa a ƙofar, inda ya saba durƙusawa. Kayanta na ɗaure a gefe cikin buhu, an jingina tabarma a kai. Tana zaune a bakin gado da jaririyar a cinya, tana shafa fuskarta da yatsu, goshi da hanci da kunne, tunda ido ba ya gani. Ta ji shigowarsa. Ba ta juya baya ba, ba ta kuma tambayi tumaki ba. Ta sunkuya kan jaririyar.

"Ke takwara, ki gaya ma ubanki ba shi jin magana. Tun yana ƙarami haka shike."

Zunnuraini ya sunkuyar da kai.

"Ki gaya mashi kuma na ji. Abin da shike ta so shi hwaɗi, na ji shi yau. Garin ga duka ya ji."

Ya dubi 'yar tasa, ɗan mitsitsin hannunta ya kama yatsan tsohuwar. Maganar da ya shekara da shekaru yana ɗauke da ita ta taso ta fito, ita ma a karye.

"Ki ce mata na gode. Ki ce mata na gode, Allah shi saka mata da Aljanna."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Jaririyar dai ta sake yi wa magana.

"Ki ce mashi ni ka godiya. Ranar da anka aza mani shi a cinya, na binne nawa, miji ya tahi, ban da kowa. Ni ma ban yi niyyar ganin gobe ba. Shi ya tashe ni."